Kiwon baji: daga ƙwai zuwa gaban alƙali

A Zariya na tashi, cikin tattabarun kawuna. Abin da na sani na kiwon tsuntsu bai wuce a watsa dawa da sassafe, a cika kasko da ruwa, sauran su ji da kansu ba. Kowane namiji ya nemi matarsa, a yi ƙwai biyu, a ɗura 'yan shila, ranar da aka yi baƙo a kamo biyu a yanka. Da wannan ilimin na shiga kiwon baji, wani ɗan ƙaramin aku, bayan aiki ya kawo ni arewacin Ingila, kuma da shi na yi asarar shekara guda cur. Tsuntsu goma sha biyu na zuba a babban keji ɗaya a bayan gida, na rataya musu akwatunan sheƙa shida, na koma gefe ina jiran arziki. Ba a yi wata biyu ba mata biyu suka kafa kishi a kan akwati ɗaya, alhali ga wasu nan a buɗe ba kowa a ciki. Ɗaya ta faki idon 'yar'uwarta ta shiga ta farfashe mata ƙwai, ta sassare kan ɗan da ya riga ya fito. Waɗanda suka rayu a sauran akwatunan kuwa, ko rantsuwa aka ba ni ba zan iya cewa ga uban wane ba.

Wani dattijo a unguwarmu, tsohon ma'aikacin ramin kwal da ke kiwonsu tun ba a haife ni ba, ya leƙo wata Asabar. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai nuna wani ɗan shuɗi mai kyan kai ya ce, "Samari, wa ya haifi wannan?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To kai ba kiwo kake yi ba, ciyarwa kake yi." Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan maganar ya samo tushe.

Baji ɗan ƙaramin aku ne, dangin tsiryar da muka sani, sai dai bai kai ta girma ba. Turawa na ce masa budgerigar, su gajarce su ce baji. Asalinsa busasshiyar tsakiyar Ostireliya, inda yake yawo cikin cincirindo yana bin ruwan sama. Duk inda aka yi ruwa ciyawa ta yi 'ya'ya, nan zai sauka ya nemi kogon itacen turare ya yi ƙwai. Na daji kore ne da rawaya, tsawonsa kamar santimita 18. A 1840 wani masanin tsuntsaye mai suna John Gould ya kawo su Ingila da rai, daga nan aka yi ta lodinsu a jiragen ruwa har Ostireliya ta hana fitar da su a 1894. Kusan duk launin da kake gani yau ban da kore, a keji ya ɓullo. Shuɗi a Beljiyam aka fara ganinsa, aka nuna shi a Landan a 1910. A 1925 masu kiwon suka kafa ƙungiyar da yau ake kira Budgerigar Society, ita ce ke tsara yawancin gasannin da nake zuwa.

Na san wani zai tambaya ko ya halatta a tsare tsuntsu a keji. Malamai kan kafa hujja da ƙanen Anas bin Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Su kan kuma tunatar da matar nan da ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Sharaɗin ke nan. In ka san ba za ka iya tashi kullum ka canza ruwa ba, bar su a hannun mai su.

Wanda za ka saya

Iri biyu ne, ko da yake jininsu ɗaya. Akwai ƙarami mai sulɓin gashi, wanda ake gani a kasuwa, ga kazar-kazar ga haihuwa kamar zabi. Akwai kuma ɗan gasa, ƙato mai tulun kai da cikar gashi, wanda ƙa'ida ta ce tsawonsa ya kai santimita 21.6. Shi ɗan gasa malalaci ne, ƙwansa kan yi rashin ɗa, kuma ba ya daɗewa kamar ƙaramin. Shawarata, ka yi shekara ɗaya da ƙananan tukuna, biyu maza biyu mata. A kansu za ka koyi kama tsuntsu ba ka matse masa ƙirji ba, ka koyi duba ƙwai, ka yi kurakuranka a kan araha.

In ka tashi sayen 'yan gasa, nemi mutum ɗaya da tsuntsayensa suka yi kama da juna, ka sayi duka a wurinsa. Kada ka tsinto ɗaya nan ɗaya can, jini ba zai haɗu ba. Kada kuma ka nace sai wanda ya ci kofi. Ba zai sayar maka ba, in ma ya sayar kuɗin sai ya tsorata ka. Ka roƙi ƙanensa ko ƙanwarsa da ba su kai shi kyau ba, abin da ke jikinsa yana jikinsu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mace mai kyau ita ce mai wuyar samu, domin ba mai kiwon da ke rabuwa da ita da son ransa.

Kafin ka biya, riƙe tsuntsun a hannu. Shafa ƙirjinsa: in ƙashin tsakiya ya fito kamar kaifin wuƙa, ajiye shi. Juya shi ka duba ƙarƙashin jela ko kashi ya manne. Duba baki da ƙafafu ko akwai farin ɓamɓaroki. Wanda ya kumbura gashi yana gyangyaɗi da rana tsaka, ko jelarsa ke sama da ƙasa in yana numfashi, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Wanda ka saya kuma ya yi kwana talatin shi kaɗai a wani ɗaki kafin ya ga sauran.

Gane mace da namiji a hanci yake, wato fatar nan da ke saman baki. Ta namiji baligi shuɗiya ce mai sheƙi. Ta mace fara-fara ce, in ta shirya ƙwai sai ta koma ruwan ƙasa ta yi kaushi. A ƙuruciya ne ake ruɗewa: ɗan namiji hancinsa ruwan hoda ne mai sirkin shunayya, 'yar mace kuwa za ka ga farin zagaye a bakin ƙofofin hancin ko da sauran ya yi shuɗi-shuɗi. Zabiya mai jan ido, fari ko rawaya, namijinsa har ya tsufa hancin ba ya yin shuɗi. Shekaru kuwa a goshi ake karanta su. Yaro zanen baƙi-baƙi ya sauko masa har bakin hanci, sai ya yi wata uku ya sake gashi goshin ke washewa.

Keji da abinci

Kejin hayayyafa na mace ɗaya da namiji ɗaya ne, ba ƙari. Nawa faɗinsu santimita 75, tsayi 45, zurfi 45. Tazarar waya kada ta wuce milimita 12. Sandunan tsayawa su kafu daram, domin in sanda tana juyawa namiji ba ya samun daidaito lokacin barbara, sai ka tarar da ƙwai shida duk holoƙo kana ta zargin tsuntsun banza. Akwatin sheƙa a waje ake rataya shi don ka buɗe ba ka firgita su ba. Ƙofarsa rami ne mai faɗin santimita 5. Baji ba ya kai ciyawa sheƙa, saboda haka a ƙasan akwatin ake sa katako da aka fafe tsakiyarsa kamar ƙoƙo, ƙwai su taru wuri ɗaya, a barbaɗa ɗan garin katako. Ban da waɗannan kana buƙatar babban keji inda za su yi ta tashi in ba lokacin ƙwai ba ne, maza daban mata daban in da hali.

Ranar da na fara sayen abincinsu dariya ta kama ni. Na biya kuɗi mai ciwo a kan 'yar leda, na buɗe, ashe rabinta dangin gero ne. Abin marmarinsu kuma zangarniya. A nan muna haɗa tsabar kanari da gero kusan rabi da rabi. Ƙanena da ke kiwon ƙananan a gida gero da acca yake ba su, suna kuma lafiya lau. Amma ka san inda hatsin ya fito. Wanda aka zuba wa maganin ƙwari a rumbu ko a buhu kashe su zai yi. Ɗebi kaɗan ka jiƙa a tsumma: in bai tsira cikin kwana uku zuwa huɗu ba, mataccen hatsi ne.

Ga wani tarko da ke cin sabon shiga. Baji ɓare tsaba yake yi ya bar ƙaiƙayin a cikin kwano. Kai kana hangen kwano cike, shi kuwa yana kwana da yunwa. Kullum ka ɗauki kwanon ka hure ƙaiƙayin, sannan ka ga abin da ya rage.

Tsaba zalla ba ta riƙe mai ƙwai. A ƙara da ganye, alayyafo ko latas ko zogale, a wanke sosai. Karas a goge. In akwai 'ya'ya a sheƙa, kowace safiya ina dafa ƙwan kaza ya yi tauri in murmushe shi da karas, in kwashe abin da ya rage kafin azahar don kada ya lalace. A ƙasa mai zafi awa biyu ma ta isa. Sai 'yar tsakuwa mai laushi, da farin ƙashin nan na dabbar teku mai kama da alli saboda kalsiyam, in babu shi ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka. Baji yana saurin kamuwa da maƙoƙo in babu sinadarin aidin, don haka akwai ɗan dunƙulen aidin da ake maƙala musu. Fiya, albasa, cakulan da abinci mai gishiri, ko kusa.

Haɗa aure

Kada ka haɗa macen da ba ta kai wata goma zuwa shekara ba, ƙwai na iya maƙale mata. Kada kuma ka bi kalanda, bi tsuntsu. Macen da ta shirya za ka gan ta tana ta gaigayar katako kamar gara, hancin ya yi ruwan ƙasa, tana kiran maza. Namiji kuma yana ƙwanƙwasa baki a sanda, gashin kai a tashe, ƙwayar ido tana tsukewa, yana ɗura duk wanda ya tsaya kusa da shi. Su biyun su kasance a wannan hali lokaci ɗaya. Mu nan da hunturu muke haɗawa, da fitilar lantarki ta awa goma sha huɗu da ɗan abin ɗumama ɗaki. 'Yan gasa masu yawan gashi ana rage musu gashin ƙarƙashin jela da almakashi, mace da namiji, in ba haka ba barbarar ba ta kamawa.

Wa za a ba wa? Nan kiwo yake. Kada ka haɗa biyu masu aibi iri ɗaya. In namiji gajere ne, nemo masa doguwa. In gashinta kaushi ne mai tsawo, ba ta mai matsakaicin gashi, domin kaushi a kan kaushi yana ba da 'ya'ya masu ƙurajen gashi da rashin haihuwa. Auren zumunci ana yi, da shi ma ake kafa gida: ɗan wa da 'yar ƙane, ɗa da gwaggonsa, kaka da jika. Wa da ƙanwa ciki ɗaya ne ba na yi.

Launi lissafi ne mai sauƙi in ka riƙe abu biyu. Na farko, kore yana danne shuɗi. Kore tsantsa da shuɗi, 'ya'ya duk kore ne, amma kowanne yana ɗauke da shuɗi a ɓoye. Irin wannan koren in ka haɗa shi da shuɗi sai a raba, kusan rabi kore rabi shuɗi. Shuɗi da shuɗi ba sa taɓa ba da kore. Na biyu, akwai launukan da ke bin jinsi, irin su zabiya mai jan ido da waɗanda ake kira opalin da sinamon. Mace ba ta iya ɓoye su, in ba a gani a jikinta ba to babu. Namiji ne ke ɓoyewa. Shi ya sa in ka haɗa namiji rawaya mai jan ido da koriyar mace, duk ɗan da ya fito da jan ido mace ce, ka san jinsinta tun ranar da ta fasa ƙwai. Amma kada launi ya ɗauke maka hankali. Alƙali siffa yake fara dubawa.

Bayan kamar kwana goma da haɗawa sai ka ga kashin macen ya yi girma ya yi ruwa, ƙwai ya kusa ke nan. Tana yin ɗaya, ta tsallake rana, ta sake yi, har huɗu zuwa shida, wani sa'in takwas. Kwanci kwana 18 ne, kuma tunda tana fara kwanci tun ƙwan farko ko na biyu, 'ya'yan ma bi da bi suke fitowa. Na fari kan yi gashi ƙaramin yana tsirara. Ina rubuta lamba a kan kowane ƙwai da fensir mai laushi. In ya kwana shida sai in kashe fitila in haska shi da 'yar tocila. Mai ɗa za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saiwa, da ɗigon ja a tsakiya, in ka yi tsit ka ƙura ido har bugawarsa za ka gani. Marar ɗa haske ke ratsa shi fayau. Kada ka yi gaggawar zubar da wanda ya wuce kwanansa, ba shi kwana huɗu ko biyar kafin ka kira shi baragurbi.

Ɗan da ya fito, duba jakar abincin da ke ƙasan wuyansa. In ka ga ɗan fari-fari a ciki, uwa tana ɗura. In ya kwana wayam, mayar da shi ƙarƙashin wata uwar mai 'ya'ya sa'anninsa, ba sa ƙin riƙo. Huɗu a sheƙa ɗaya sun isa. Kullum ka duba ƙafafu da cikin baki, ka ɓamɓare kashi ko abincin da ya bushe, in ba haka ba yatsu da baki su karkace. In ka ga ƙafafun ɗa sun baje gefe da gefe, santsin ƙasan akwati ne ko uwa ta cika danne shi. Ƙara garin katako, ka haɗe ƙafafun da ɗan soso mai laushi na 'yan kwanaki tun yana ƙarami.

Zobe da littafi

Tsakanin kwana shida zuwa goma ake sa zobe, rufaffe ne marar tsaga, ɗauke da lambar mai kiwo da shekara da lambar tsuntsu, launinsa kuma kowace shekara canzawa yake. In ƙafa ta girma ba ya shiga ba ya fita, shi ne shaidar cewa a hannunka aka haife shi. Yatsun baji huɗu ne, biyu gaba biyu baya. Ka haɗa dogayen uku ka zura su, ka tura zoben ya haye dunƙulen ƙafa, sai ka sa tsinken ashana ka zaro ɗan ƙaramin yatsan da ya kwanta a baya. Zai yi ƙara kamar ana yanka shi, ba abin da ya same shi. Washegari ka duba, wata uwar cire shi take yi ta jefar.

Daga nan sai littafi. Nawa irin na 'yan makaranta ne mai bangon kwali, kowane keji da shafinsa. Lambar uba, lambar uwa, ranar haɗawa, ranar kowane ƙwai, wanda ya yi ɗa da wanda bai yi ba, lambar zoben kowane ɗa da launinsa. A ƙasa sai halin uwa: tana ɗura sosai, ko tana fige 'ya'ya, ko tana fasa ƙwai. Littafin ne ya nuna mini cewa duk kyawawan tsuntsayen da na samu cikin shekara uku daga wata toka-tokar mace suka fito, wadda ita kanta ko aji ɗaya na gasa ba ta taɓa ci ba, har na yi niyyar bayar da ita. Ido ba zai gaya maka wannan ba.

'Ya'ya na fita daga akwati a kwana 30 zuwa 35. Sa ido sosai a nan, domin uwa ta fara shirin zagaye na biyu, wata sai ta far musu da sara. In ka ga suna ɓare tsaba da kansu, wajen mako shida, kwashe su zuwa nasu kejin da zangarniya a ƙasa. Zagaye biyu ya isa, sai ka cire akwatin ko da tana so. Macen da ƙwai ya maƙale wa za ka same ta a ƙasan keji a kumbure tana nishi. Sa ta wuri mai ɗumi, ɗiga mata ruwan kalsiyam a baki, ka nemi likitan dabbobi. Kada ka matsa cikin. Ɓamɓarokin baki kuwa wata 'yar ƙuma ce ke haƙa fata, ɗigon maganin ibamektin a fatar ƙeya ke kashe ta, amma likita ya auna maka. Kai ma ka kiyayi kanka: ƙurar gashinsu tana lalata huhun wasu mutane, kamar yadda ta tattabaru ke yi, kuma akwai zazzaɓin aku da ke kama ɗan'adam. Sa takunkumi in za ka yi shara.

Hayaƙi shi ne babban makashinsu. Wata ranar sanyi na shigo da wasu biyu falo, uwargida kuma ta turara gida kamar yadda ta saba. Kafin la'asar ɗaya ya faɗo daga sanda. Ta ce, "Maigida, ai da ka gaya mini." Gaskiyarta, laifina ne. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, hayaƙin janareto, da tukunyar nan da abinci ba ya kamawa in ta ƙone, duk nesa da su. Mai kiwo a gida Najeriya kuma yana da nasa yaƙin da ni ba ni da shi. Ƙanena ƙafafun kejinsa a cikin gwangwanayen ruwa suke saboda cinnaka, wayarsa ninki biyu saboda ɓera da muzuru da maciji. Ba ya haɗa aure da bazara, zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano yana kashe uwa a kan ƙwai. Bayan damina yake haɗawa, in hunturu ya shigo ya kare su daga iska da buhu, ya ajiye kaskon ruwa kusa da akwatuna don kada ƙwai ya bushe ɗa ya kasa fasawa.

Ranar baje koli

Abin da alƙali ke nema a rubuce yake. A cikin maki ɗari, 35 na girma da siffa da tsayuwa ne, 25 na kai da fuska, 15 na launi, 25 na zanen gashi gwargwadon irinsa. Tsuntsu ya tsaya a kan sanda da ɗan karkata kamar digiri 30 daga miƙe, fukafukai a kwance ba su gitta juna ba, dogayen gashin jela biyu suna nan. A maƙogwaro ɗigo baƙaƙe shida, manya, a jere, na gefe biyun sun ɗan ɓuya ƙarƙashin tabon kunci. A zahiri ba lissafin maki ake zaunawa yi ba, gwada wannan da wancan ake yi. Ra'ayina, an wuce gona da iri wajen gashin kai. Na ga tsuntsayen da ba sa ganin kwanon abincinsu sai an rage musu gashin ido, kuma suna cin kofi. Ni ba na ajiye irinsu. Na ji daɗi da wasu gasannin suka buɗe aji na ƙananan nan masu kyan launi.

Shiri daga mako takwas yake farawa. Gashin jela ko na fiffike da ya karye a cire shi a lokacin, domin kusan haka yake ɗauka kafin ya dawo. Ɗigon maƙogwaro mako huɗu ne. Zaɓaɓɓun su koma ƙananan kejoji, a riƙa fesa musu ruwa mai ɗumi-ɗumi da safe, rana bisa rana, a daina saura kwana biyu ko uku don maiƙon gashi ya dawo. Sai gyaran fuska. Baji yakan fito da ɗigo barkatai, goma ko fiye, kai za ka sa matsefata ka tsige na banza ka bar shida. An yarda da wannan, abin da aka hana shi ne a yi wa gashin kai aski da almakashi ko a shafa launi. Karon farko da na gwada hannuna na rawa, na riƙe tsuntsun a tafin hagu, kansa tsakanin yatsu biyu, na ja, sai ga babban ɗigon tsakiya a bakin matsefata. Na tsaya ina kallonsa kamar zan mayar. Tun daga ranar, cikin kwana uku nake yin aikin, kaɗan-kaɗan, daga ƙasa zuwa sama, kuma a kan waɗanda ba za su gasa ba na koya. Jelar da ta lanƙwashe, tsoma ta a ruwan zafi na ɗan lokaci tana miƙewa.

Kejin gasa iri ɗaya ne ga kowa, baƙi a waje fari a ciki, faɗinsa kamar santimita 35, sanduna biyu, ƙasa an shimfiɗa tsaba, ba sunan kowa sai lamba. Tun suna yara ka riƙa sa su ciki na awa ɗaya ko biyu, ka ajiye inda mutane ke wucewa, ka riƙa taɓa wayar da ɗan siririn sanda irin na alƙali. Ban yi haka ba a gasata ta farko. Tsuntsun da na fi ji da shi ya sauka ƙasa ya cusa kai a lungu, alƙali ya taɓa shi sau biyu, ya ƙi hawa, aka tura kejin can ƙarshen layi. Duka-duka bai yi minti ɗaya a gabansa ba.

Masu nunawa mataki-mataki ne, sabon shiga, ɗan koyo, matsakaici, sannan zakara, yara kuma da nasu ajin, saboda haka ba za a gwada ka da dattijon da ya shekara hamsin yana yi ba. Tsuntsaye ma an raba, 'yan bana masu zoben shekarar da ka haifa da hannunka, da manya. Fara da ƙaramar gasar ƙungiyar garinku kafin ka yi tunanin babbar ta ƙasa, wadda aka shekara da shekaru ana yi a garin Donkasta. A Ingila tun Oktoban 2024 mai kai tsuntsu irin wannan taro sai ya yi rajista da hukuma saboda murar tsuntsaye. In an gama hukunci an buɗe ƙofa, kada ka tsaya kan katin sakamakonka kaɗai. Nemi alƙalin ka tambaye shi me ya kayar da naka, yawancinsu za su ja ka gaban kejin su nuna maka.

Bana ɗan koren da 'yata ta sa wa zobe da hannunta, jikan toka-tokar nan, ya zo na biyu a cikin tara. Tun daga bakin ƙofa take kwaɗa mini kira, "Abba, zo ka gani!" Alƙali ya ce kansa ya yi, kafaɗa ce ba ta cika ba. Da muka dawo na ware shi a kejinsa shi kaɗai na kwana goma, na ba shi zangarniya guda. A shafin baɗi na riga na rubuta lambarsa da fensir, a gefenta lambar gwaggonsa mai faɗin kafaɗa, sai Nuwamba in ga ko hancinta ya yi ruwan ƙasa.